Yadda ake ciro kejin rediyo na asali daga dashbod ɗin tsohuwar mota ba tare da an fasa roba ba

Duk wanda ya taɓa sayen sabon rediyo mai bulutut da wajen sa memori don ya sa a tsohuwar motarsa, irin su Opel Vectra ko Astra ko Golf 3 ko Peugeot 406 ɗin nan da suka cika hanyoyinmu, ya san inda aikin ke tsayawa cak. An samu da ƙyar an zaro tsohon rediyon, an ɗauko sabon za'a tura, sai ya shiga rabi ya cije, ko kuma ya shige amma yana ta rawa kamar haƙorin da ya kusa fita. In ka haska ramin zaka ga wani siririn akwatin ƙarfe a manne a ciki, to shine keji, shi yake riƙe rediyon, kuma shi nake so muyi maganarsa yau domin na ga dashbod da yawa da aka lalata a kansa, mutum ya sa sukudireba ya banƙare da ƙarfin tsiya, robar da ta shekara ashirin da wani abu tana shan rana ta tsage tun daga bakin rediyo har wajen makunnin AC. Irin wannan robar kuma in ta fashe sai dai ka shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka neman ta wata motar da aka yanka, ita ma ba lallai ka samu mai lafiya ba.

Kejin nan ba da ƙarfi yake fita ba. Akwai abin da yake riƙe da shi, ko kunnuwan ƙarfe da aka lanƙwasa, ko kilif a gefe, ko noti ɗaya can a ƙurya, in ka gano shi ka sake shi da yatsu biyu ma zaka zaro kejin.

Wani zai ce to me yasa ba za'a bar tsohon kejin a tura sabon rediyo ciki ba tunda girmansu ɗaya? Girman kam ɗaya ne, motocin Turai na wancan lokacin kusan duk ma'auni ɗaya suka bi wanda ake kira DIN, daga Jamus ya samo asali, faɗin fuskar milimita 180 tsayi milimita 50, mai hawa biyu kuma 180 da 100. Amma inda ƙugiyar rediyo ke kama keji kowane kamfani da nasa wajen, shi yasa duk sabon rediyo yake zuwa da nasa kejin a kwali. Sannan a motoci irin Opel bayan kejin a toshe yake, soket ɗin wayoyi da na eriya a jikinsa suke a kafe, tsohon rediyon kawai turawa ake ya shige su da kansa, sabon kuwa ba zai taɓa dacewa da su ba sai an cire.

Kayan da zaka tanada ba su da yawa. Ƙaramin sukudireba mai falle, wanda bakinsa siriri ne, da wani mai tsawo, da mai kai huɗu, da filaya mai dogon baki, sifana lamba 10, tocila ko fitilar wayarka, salatif ɗin wuta, tsumma, da makullin zare rediyo. In Opel ce ko wata motar Turai ka nemi alanki ƙarami mai milimita 2, wato ɗan ƙarfen nan mai kamar harafin L da ake kwance noti mai rami a ka da shi, da kuma sukudireba mai bakin tauraro, don su Turawa suna son irin wannan notin sosai. In kana da safar hannu ka sa, bakin kejin nan kaifi gare shi kamar reza, yana yanka mutum bai ma ji ba sai ya ga jini a jikin roba.

Kuma ka zaɓi lokaci. Kada kayi aikin nan da sanyin safiya lokacin hunturu, tsohuwar roba in tayi sanyi ƙas take karyewa. Ka bari rana ta ɗan ɗumama cikin motar tukuna sai ka shigar da ita inuwa kayi aikinka a natse.

Kafin ka taɓa komai ka tambayi kanka, tsohon rediyon nan zan sake amfani da shi ko zan sayar? In eh, to ka nemi lambarsa tun yanzu. Rediyoyin asali na Opel da Volkswagen da wasunsu suna da lambar sirri mai lambobi huɗu, da zarar wuta ta yanke musu sai su kulle, ka kunna kaga sun rubuta SAFE ko CODE, kuma in kana ta gwada lambobi na kame-kame ƙara maka lokacin jira suke har su rufe gaba ɗaya. Lambar takan zo a wani ɗan kati cikin takardun motar, wani lokacin kuma mai motar na farko ya rubuta ta a littafin mota ko a jikin rediyon. In akwai kaset ko faifai a ciki ka fitar da shi yanzu tun da sauran wuta.

Daga nan ka kashe mota, ka zare makulli ka sa a aljihu, ka buɗe bonet ka kwance kan batir na nagatif da sifana 10, ka kautar da shi gefe yadda ba zai dawo ya taɓa ba. Na san da yawa basa yi, suna cewa ai ƙaramin aiki ne. Amma a bayan kejin nan akwai waya mai wuta kullum ko mota a kashe take, kai kuma zaka cusa ƙarfe cikin ƙarfe a wajen da ba ka gani sosai, in kayi sa'a fis ne kawai zai tashi, in baka yi ba waya ta narke a cikin dashbod. In motar mai jakar iska ce ka jira kamar minti goma bayan cire batir, kuma duk wani soket ko kunshin waya mai ruwan ɗorawa da ka gani yana wucewa ta wajen, wanda ba na rediyo ba, ka rabu da shi, sau da yawa na jakar iska ne.

Yanzu sai zaro rediyon kansa. Ka kalli fuskarsa da kyau. In kaga ƙananan ramuka huɗu, biyu dama biyu hagu, to makullin mai kamar harafin U yake so, guda biyu, ka tura kowanne a gefensa har kaji ɗan ƙas, sai ka ɗan buɗa su waje, na dama zuwa dama na hagu zuwa hagu, ka jawo a tare. Anan ne masu Opel ke shan wahala, domin a cikin ramukan nan huɗu kamfani ya ɗaura wasu 'yan mitsi-mitsin notika don maganin ɓarayi, in baka kwance su da alanki mai milimita 2 ba makulli ba zai shiga ba ko zaka kwana kana turawa. Rediyoyin Vectra B da Astra G irin su CAR 300 da CAR 400 da CDR 500 duk haka suke. In kuma tsaga ka gani siririya maimakon rami, kamar a yawancin na Volkswagen da Audi da Marsandi, to makullin falle ne, yana da ɗan yanka a bakinsa, a tura shi har ya kama sannan a ja.

In baka da makulli, na ramuka huɗu ana iya lanƙwasa wayar hanga ko ƙarfen tayar keke ayi guda biyu, ko a sa ƙusoshi huɗu sirara, yana yi. Abin da bana so shine a sa wuƙa a gefen rediyo ana ɗagawa, nan ne farkon ɓarna. In ya ƙi fitowa ka ɗan tura shi ciki tukuna sannan ka ja, wani lokacin ƙugiyar ce ta ɗaure saboda nauyin da ke kanta. In ya taso kada ka fizge, ka jawo a hankali, ka sa tsumma a kan giya da robar ƙasa don kada gindinsa ya karce su, ka zare eriya, ka danna kunnen soket ka zare. A Opel ba abin da zaka zare, zai fito shi kaɗai sumul, wayoyin suna can a jikin keji.

To ga ka ga keji. Ka ajiye duk wani ƙarfe, ka ɗauki tocila ka leƙa sama da ƙasa da gefe biyu da can ƙurya, ka ba shi minti biyu cur kana kallo. Sannan ka liƙa salatif ko ka shimfiɗa tsumma a bakin robar da ta kewaye ramin.

Kala na farko kuma wanda aka fi gani shine mai kunnuwa. Jikinsa duk an yayyanka shi ƙananan kunnuwa masu kusurwa uku, wanda ya sa shi ya tura wasu daga ciki waje suka kama bayan robar dashbod. Ba duka ake lanƙwasawa ba, galibi huɗu ne zuwa takwas, zaka gane su don inda aka tura zaka ga rami ya buɗe kunnen ya nutse waje, sauran kuwa suna nan a shafe da jikin keji. Ka ƙirga su kaf, harda na sama, su ne ake mantawa don sai ka sunkuyar da kai ko ka sa kyamarar waya kafin ka gansu. Sai ka sa bakin ƙaramin sukudireba ta cikin ramin, ka zura shi bayan tsinin kunnen, ka jawo shi zuwa cikin keji, da ya ɗan taso ka kama da filaya ka ƙarasa. Abin lura anan, in zaka dogara sukudireba ka dogara shi a jikin ƙarfen kejin, kada ka dogara a roba. Kuma ka lanƙwaso kunnen ya wuce daidai kaɗan, ya shigo ciki, don in ka barshi a daidai yakan ɗan koma ya sake kamawa lokacin da kake ja. Wanda ya ƙi kamuwa ta ciki, ka zura siririn ƙarfe falle tsakanin keji da roba daga gaba, kamar guntun bakin zarton ƙarfe da ka naɗe gindinsa da salatif, ka danne kunnen da shi. In duk sun saki ka kama leɓen kejin da hannu biyu ka jijjiga shi dama da hagu kana jawowa. In gefe ɗaya ya taso ɗaya ya ƙi, ka tsaya, akwai kunnen da ya rage a gefen da ya ƙi, koma ka nemo shi.

Kala na biyu shine na kamfani sak, irin na Opel, shi ne ma ya fi ba mutane haushi don ka duba baka ga kunne ko ɗaya a lanƙwashe ba amma ya ƙi motsi. Shi kilif ne masu tsalle a gefen dama da hagu suke riƙe shi, suna buɗewa su kama bayan dashbod. Ka fara haska ƙurya tukuna, a wasu akwai noti ɗaya a tsakiyar bangon baya wanda ya ɗaure kejin da ƙarfen cikin dashbod, in yana nan komai zaka yi wa kilif ɗin gefe a banza ne sai ka kwance shi, kuma ka riƙe shi da kyau ko ka sa maganaɗisu a bakin sukudireba don in ya faɗa ciki sai dai ka riƙa jin ƙararsa a kwana. Bayan nan ka sa sukudireba a bayan kilif ɗin gefe ɗaya ka jawo shi ciki, kana riƙe da shi ka ɗan jawo wannan gefen kejin waje kamar rabin santimita, ka cusa wani abu, guntun kwali ko tsohon katin waya, don kada ya koma. Ka je ɗaya gefen kayi haka. Da duka biyun sun wuce bakin roba shikenan zai taho. In kana da wanda zai riƙe maka gefe ɗaya aikin ya fi sauri nesa ba kusa ba.

Amma fa kada ka ja shi da nisa, wayoyi na manne a bayansa kuma gajeru ne. Ka fito da shi iya inda hannunka zai shiga, ka karkata shi ƙasa ka kalli bayan. Soket ɗin babba ne mai hawa-hawa, yana da ɗan makullin roba da ake dannawa ko a zame shi gefe sannan soket ɗin ya fita daga tagarsa, eriya ma an maƙale ta ne a nata ramin, ka saki abin da ya riƙe ta ka tura ta baya. Ɗan'uwa don Allah kada ka sa almakashi anan. Na sha ganin an gaji an datse wayoyin gaba ɗaya daga gindin soket, alhali soket ɗin nan shine daidai da wanda sabbin rediyoyi ke amfani da shi, ko kai tsaye ko da 'yar adafta mai arha, an mayar da aikin minti biyar ya zama na yini guda wajen mai riwaya ana bin waya ɗaya-ɗaya.

Motocin Japan kuwa, su Toyota da Honda da Nissan na da, yawancinsu babu keji sam, kada ka ɓata lokaci kana neman ramin makulli. Su ana ɓalle robar da ta zagaye rediyon ne, wani lokacin sai an cire wajen zuba tokar sigari ko kawunan makunnin fanka an samu notikan da ke ɓoye, sannan zaka ga rediyon a ɗaure da ƙarafa biyu a gefe da noti huɗu. Waɗannan ƙarafan kada ka yar, kwance su zaka yi ka ɗaura a jikin sabon rediyon, yawanci akwai ramukansu a gefensa, sai dai kayi amfani da gajerun notikan da suka zo a kwali don dogo yana iya shiga ya taɓa allon ciki. Tsofaffi sosai kuma masu maɓalli biyu na murɗawa, irin na zamanin 504, zare kawunan ake a kwance notin da ke bayan kowanne, rediyon ya fita ta baya.

Akwai kuma kejin da ya sha hannu. Motar da ta fito daga Turai ta biyo ta Kwatano ta wuce hannun mutum uku ko huɗu, ba abin da ba zaka tarar ba, wani ya ɗaura sukuru ta gefe ya shige roba, wani ya zuba gam, wani ya cusa guntun katako ko takarda don ya hana rawa, wani kuma tsatsa ce ta cinye shi saboda ruwan AC ko na gilashi da ke ɗiga. Sukuru ka kwance, gam ka bi shi a hankali da bakin zarton nan kana yankawa tsakanin ƙarfe da roba. In duk ya faskara kuma ka haƙura da kejin, sai a karya shi ta ciki. Ka kama tsakiyar leɓen sama da filaya ka lanƙwaso shi ƙasa, ka kama tsakiyar na ƙasa ka lanƙwaso shi sama, ƙarfen ba kauri gare shi ba, yana lotsawa gefe biyun zasu matso ciki da kansu su saki robar. Kejin ya tashi aiki amma dashbod ya tsira, kuma shi ne mai tsada. Wannan dabarar tafi yi a keji mai buɗaɗɗen baya, mai bango a baya sai ka tabbatar babu noti kuma ka saki soket tukuna.

Tunda rami ya buɗe ka share ƙurar ciki, ka duba wayoyi ko akwai wadda ta goge ko aka taɓa haɗawa da leda, ka naɗe ta da salatif mai kyau. Ga kuma wani tarko da ya ƙona rediyo da yawa. A jikin sabon rediyo baƙar waya ita ce at, wadda ake haɗawa da bodi, mai ruwan ɗorawa wutar kullum ce mai riƙe tashoshi da agogo, ja kuma wutar makulli. A wayarin ɗin motocin Jamus kuwa mai ruwan ƙasa ita ce at, ja wutar batir ce kai tsaye, baƙa kuma a irin su Opel wuta ce da ke zuwa in an murɗa makulli. Wanda ya haɗa baƙa da baƙa don kala ta zo ɗaya ya haɗa wuta da bodi kenan. Sannan a soket ɗin Opel da Volkswagen da yawa ƙafa ta 4 da ta 7 a juye suke, shi yasa zaka ga an sa rediyo yana yi lafiya amma kullum aka kashe mota sai ya manta tashoshi. Maganinsa a musanya ja da ruwan ɗorawa a wayar sabon rediyon, yawanci ma an yi musu mahaɗa ta zarewa saboda haka. Kan eriya shima kala biyu ne, gajere mai faɗi na Turai da dogo mai tsini, akwai adaftarsa, kada a yanke.

Sa sabon keji kuma juyin abin da ka gama ne. Ka zare shi daga jikin sabon rediyon da makullansa, ka duba inda aka rubuta sama, ka fara zaro wayoyi da eriya ta cikinsa sannan ka tura shi har leɓensa ya zauna daram da roba. Ka lanƙwasa kunnuwan da suka faɗo daidai bayan kaurin robar, biyu sama biyu ƙasa da ɗaya kowane gefe sun isa, ba sai ka tura duka ba, ka tuna wataran kai ko wani zai zo cirewa. Ka jijjiga shi da hannu, in baya motsi yayi. Sai ka jona soket, ka mayar da kan batir, ka gwada komai rediyon yana waje a kan tsumma, sifika huɗu kowacce ta yi magana, ka kama tasha ka ajiye ta, ka kashe mota ka zare makulli ka sake kunnawa ka gani ko tana nan. A Vectra da Astra ƙaramin allon saman dashbod zai daina nuna sunan tasha ya koma nuna kwanan wata, ba lalacewa yayi ba. In komai yayi daidai ka kwantar da wayoyin ƙasa ta bayan ramin yadda ba zasu matse ba, ka tura rediyon a hankali har kaji ƙas ta gefe biyu, makullansa kuma ka jefa su cikin aljihun dashbod tare da 'yan notikan nan huɗu na tsohon.